Ni Na Yanka Fatar, Baba Alkasum

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Faburairu na 2025, daidai da sha biyu ga Sha'aban, da hantsi, Allah ya karɓi ran Malam Alkasum ɗan Hamidu, badukun da ya shekara hamsin yana ɗinkin takalma a rumfar dukawa ta cikin tsohon garin Agadas. Kwana tara ya yi a gidan likita yana fama da ciwon ƙirji. Bayan azahar aka yi masa sutura. Ya bar matarsa, Inna Tabawa, da ƴaƴa biyar da jikoki.

Baba, masu faɗin alherinka suna da yawa, kuma duk gaskiya za su faɗa. Ni abin da ya sa na ɗauki alƙalami daban ne. Akwai laifin da mutanen garin nan suka ɗora maka shekara shida, har ka shiga kabari da shi, alhali nawa ne. Ina so sunanka ya wanku tun ƙasar kabarinka ba ta bushe ba.

Ni ba ɗan dukawa ba ne. Shekara ashirin da biyu na yi ina tuƙa mota tsakanin Agadas da Segedin, can yankin Kawar a kan hanyar Libiya. Da aka hana ɗaukar baƙi masu zuwa Libiya, aka kama motata, sai na wayi gari ina da shekara arba'in da bakwai, da mata da ƴaƴa shida, ba ni da aikin yi sai shan shayi a bakin tasha. Gyaran takalmi ya kai ni rumfarka. Maimakon ka dubi takalmin sai ka dubi hannuna, ka ce, "Shofer, hannun da ya ɗaura taya a tsakiyar hamadar Tenere ba zai kasa riƙe basilla ba. Zo gobe." Na zo, ba don ina son dukanci ba, sai don kunyar zaman banza ta ishe ni.

Sauran dukawan rumfar ba su so ba. A wajensu sana'ar gado ce, ba mafakar wanda tasa ta ƙare ba. Babbansu, Tijjani, a gabana ya faɗa maka cewa ranar da na ɓata fata ɗaya, ranar zan tattara in tafi. Kai kuwa sai ka matsa mini gefen tabarmarka.

Wata huɗu ba ka bari na taɓa wuƙa ba. Ni ne shafa wa fata mai, ni ne dakan karan dafi na jan rini, ni ne murza zare. Da ka ba ni basilla kuwa, na fi huda yatsuna a kan fata, har kake cewa in na ƙara wata guda ba sai an sake sayen rini ba, jinina ya isa. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne darasin kowace safiya. Ka shimfiɗa fata, ka ce in rufe ido in shafa, in nuna maka gadon baya, in nuna maka ciki. Gadon baya mai tauri ne, ba ya bayarwa. Fatar ciki laushi gare ta, tana miƙewa. "Ta ciki ta alabe ce da kuben laya," haka kake maimaitawa, "ba a ɗora mata nauyin mutum." Ina gyaɗa kai, a raina ina cewa fitinar tsofaffi ce. Ni da na san hanyar Kawar kamar tsakar gidana, wai sai an koya mini shafa bayan saniya.

A kakar 2018, lokacin da ayarin gishiri ke shirin tafiya Bilma, Madugu Bashar, mutumin Abzin da ya shekara talatin ba ya taka takalmin kowa sai naka, ya kawo aikin takalma takwas na mutanensa, irin masu faɗin nan da ake taka rairayi da su. Ka yanka ƙasansu, sai zazzaɓi ya kayar da kai. Kafin a kai ka gida ka ce in yanka maɗaurai daga gadon baya in ɗinke. Na fara. Fatar ta yi mini tauri, wuƙa na zamewa, hannuna na zugi. Ga ta ciki nan a gefe, ja, mai laushi, tana bin wuƙa. Na ce wa kaina wa zai gane. Na yanka, na ɗinke, suka yi kyau ƙwarai. Bashar ya zo ya kwashe kana kwance.

Bayan wata uku ya dawo. Bai yi sallama ba, ya zube takalman a gabanka, rumfa cike da mutane. Ya ce kwana huɗu da shigarsu Tenere maɗauran suka saki, ƙafa na zamewa, rairayi mai zafi na shiga. Da igiyar raƙuma suka riƙa ɗaure su. Ƙanensa ƙafarsa ta tsage, ta ruɓe, sai da aka cire masa yatsu biyu a Bilma.

Ka ɗauki takalmi ɗaya, ka ja maɗaurin da babban yatsa sau ɗaya tak. Na san ka gane. Tijjani ni yake kallo. Kai ko inda nake ba ka duba ba.

"Ni na yanka, Madugu," ka ce. "Ido ya fara rauni. Ka gafarce ni."

"In ido ya tafi, sai a ajiye wuƙa, Alkasum," in ji Bashar, ya juya ya tafi.

Ina zaune, na bar ka ka ɗauki laifina. Bayan la'asar na bi ka har bakin masallaci ina kuka, babba da ni. Ba ka zage ni ba, kuma da ka zage ni da na fi samun sauƙi. Ka ce, "Ƴaƴa shida gare ka. Sunana ya daɗe, zai iya ɗauka. Yi shiru har ka tsaya da ƙafarka." Washegari ka shimfiɗa mini fata, ka ce in rufe ido.

Amma sunan bai ɗauka ba, Baba. Labari ya bi ayari har Abzin cewa idon Alkasum ya mutu. Madugai suka daina zuwa wajenka ɗaya bayan ɗaya. Mutumin da ake jiran aikinsa wata biyu ya koma gyaran tsofaffin takalma da ɗinkin kuben laya. Ni kuwa hannuna ya faɗa, na iya. Har ta kai mai saye ya zo ya gaishe ka da ladabi, sannan ya rage murya ya ce, "A bari Lukumanu ya yanka." Kana ji. Ni ma ina ji, in ɗauki wuƙa in yanka. Ka ce in yi shiru har in tsaya da ƙafata. Cikin shekara biyu na tsaya. Sauran huɗun ba umarninka ba ne, tsorona ne da son raina. Kullum ina cewa bayan Salla zan faɗa, bayan ayari ya tafi zan faɗa, kai kuma ba ka taɓa tuna mini ba ko da ido.

Ranar addu'ar uku Bashar ya zo, ya zauna can bakin tabarma. Da aka shafa fatiha na miƙe a gaban dukawa da ƴaƴanka na faɗi duka, ban rage komai ba. Sai Bashar ya ce, "Shekara shida ina zagayawa ta bayan kasuwa don kada in gaishe shi." Ya ja rawaninsa ya rufe fuska. Maganar ta kai cikin gida. Inna Tabawa ta aiko babbar ƴarka Sa'adatu har zaure, saƙonta kalma kaɗan ne: "Inna ta ce a faɗa maka, ko ita bai taɓa gaya mata ba."

Don haka ina roƙon duk wanda ya taɓa cewa idon Malam Alkasum ya lalace, a Agadas yake ko a Abzin ko a Bilma, ya janye, ya yi masa addu'a. Har ranar da aka kai shi gidan likita da kansa yake zura zare a basilla.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya rufa maka asiri a gabansa kamar yadda ka rufa mini a gaban mutane. Allah ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Tabawa, da Sa'adatu da ƙannenta, da dukawan Agadas baki ɗaya. Allah ya ba ku haƙuri. Su zan iya zuwa in durƙusa a gabansu, da ƙanen Bashar ma, kuma zan je. Wajenka ne na makara.

Lukumanu Saidou
Agadas