Ranar da Yaya ya rungume Inna

Muna zaune tsakar gida a Kaura sai ga Yaya Sanusi ya dawo daga Abuja. Ya wuce kowa, ya rungume Inna yana cewa yana sonta.

Shi ne ɗan farinta, ko sunansa ba ta faɗi. Inna ta sandare. Gwaggo ta hau tofa masa addu'a, wai iska ce.

Kawu Bello, ƙanen Inna mai aikin asibiti a Shinkafi, ya ga yana gumi yana cizon haƙora.

"Kana ganin abin da ba mu gani?"

"A'a Kawu, ku nike gani, kuma duk ina son ku."

Kawu ya ce, "Ƙwaya ce. Akwai mai sa ka ga bango na motsi, akwai mai sa ka ji kowa naka ne. Ta biyun ya sha, kuma tana kisa."

Da ƙwayar ta saki Yaya, ya shige ɗaki, gaisuwa ma da ƙyar.

Jiya na ji Inna a hankali: "Bello, abin nan da ya ce, shi ne ko ƙwayar?"

Jama'a, ku me za ku ce mata?