Wakili Sanƙira da Ɗiyarsa ta Fari

In ka taɓa ganin bidiyon nan na gurgun da ya zurma cikin ruwa da kekensa a tashar jiragen Wara, aka tsamo shi tsamo-tsamo yana ci gaba da kirari kamar ba shi ba, to ka ga mijin yayata. Wakili ke nan, Wakili Sanƙira. Ni ce Dudu, ƙanwar matarsa Delu, mai bandar kifi. Tun ranar da aka kai Yaya ɗakinsa nake tsokanarsa, kuma ban gaji ba.

Shan inna ya kama shi yana ɗan shekara uku, ya shanye masa ƙafafu biyu. Amma abin da Allah ya rage a ƙasa, sai ya ƙara a maƙogwaro. Ubansa masunci ne, ya zaunar da shi bakin ruwa ya koyi ɗinkin taru. Ina! Taru na gefe yana ruɓewa, Wakili na yi wa duk jirgin da ya iso kirari. Ya san mai jirgi, ya san ubansa, ya san kakan da ya taɓa kifewa da buhunan albasa. Kafin a ankara, babu ɗaurin aure ko suna daga Wara har Shanga da za a yi ba a turo jirgi ya ɗauke shi, shi da kekensa mai tuƙin hannu da lasifikarsa ba.

Da bidiyon faɗuwarsa ya bazu kuwa, sai abin ya zama hauka. Shafukan waya suka naɗa shi Sarkin Sanƙirorin Bakin Ruwa. Wata rana su ce ya auri 'yar fim, wata rana su ce an gan shi a Makka. Yaya Delu ta ce, "To ita 'yar fim ɗin ta zo ta taya ni wankin rigunansa mana!" Mawaƙa na tahowa daga birni su durƙusa gefen keke a ɗauke su hoto, shi ko yana gyara hula yana washe baki.

Sai dai wannan bakin da bai bar sunan kowa ba a ƙasar Ngaski, akwai suna ɗaya da bai taɓa furtawa ba: Khaulat, ɗiyarsa ta fari. Kunyar ɗan fari ce, kowa na yi, amma ta Wakili ta fita daban. In yana son ruwa sai ya ce, "Delu, gaya wa waccan." In aka kai shi auren wata mai irin sunan, sai ya ce, "An ɗaura auren wane da mai sunan ɗiyar Delu," jama'a su yi ta dariya. Na sha yi masa tarko. "Angona, wa ya dafa wanga tuwo?" Sai ya harare ni ya ce, "Dudu, Allah ya haɗa ki da miji kurma."

Bara aka sa ranar Khaulat da Hafizu, malamin asibiti ɗan Yelwa, yaron kirki. Saura sati biki sai ga gwaggonsa, Hajiya Aishatu, ta zo tana ƙamshi. Ta zauna ta ce sun ɗauko mai gabatarwa daga birni, kuma za a zo da masu kyamara.

"Shi Malam Wakili sai ya huta a ɗaki. Dama uban amarya ba ya fitowa."

Wannan gaskiya ne, haka al'ada take. Da ta tsaya nan da babu komai. Amma da za ta fita sai ta dubi keken da ke zaure, ta yatsina fuska ta ce, "Wannan ma a ɗan gusar da shi ranar, saboda hoto."

Wallahi jinina sai da ya tafasa. Na ɗaura ɗankwali a ƙugu zan bi ta, Yaya ta riƙe ni. Ashe Khaulat na bayan ƙyaure, ta ji komai.

Yarinyar da ba ta taɓa haɗa ido da ubanta ba, ita ce ta tafi har gabansa ta durƙusa.

"Baba, kai nake so ka yi shelar aurena. A bisa kekenka, a ƙofar gida, gaban kyamarar tasu."

Wakili ya dubi rufin ɗaki. "Delu, gaya wa waccan ba a yin haka."

"In ka shige ɗaki, Baba, ba za su ce al'ada ba. Cewa za su yi na ɓoye ka. Har in mutu da wannan za a dube ni a gidan miji."

Abin da ta roƙa ba ƙarami ba ne. Domin kowa ya san aikin sanƙira: liman ya ɗaura, shi kuma ya ɗaga murya ya faɗi sunan ango da na amarya, kowa ya shaida. Babu wata hanyar kewayewa.

Kwana shida bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ni kuwa na samu abin yi. Kullum na wuce sai in ce, "Angona, mu gwada: Khau..." Sai ya jefe ni da takalmin Yaya.

Ranar Asabar da hantsi ƙofar gida ta cika maƙil. Jirage sun kawo mutanen Shanga, motoci sun kawo na Yelwa. Mu mata muna ciki, amarya a lulluɓe a ɗaki, ni kuwa na kifa turmi na hau ina leƙe ta saman katanga ina ba su labari. Mai gabatarwan birni na tsaye da kwat yana busa makirfo. Liman Malam Basiru ya gama ɗaurawa, aka shafa fatiha.

Sai muka ji ƙararrawar keke. Ƙirrr! Ƙirrr!

Ga Wakili ya fito daga zaure, babbar riga fara ƙal, ya sa an wanke keken har da ɗaura masa furannin roba. Wuri ya kaure da ihu. Masu kyamara suka watsar da ango suka yo kansa. Na rangaɗa guɗa har na kusa faɗowa daga turmi.

Ya ɗaga lasifika. "Jama'a, ku shaida! An ɗaura auren Hafizu ɗan Alhaji Mamuda, jikan masu Yelwa, mai allura ba zafi!" Ya yi wa ango kirari har yaron ya rufe fuska da hula. Sannan ya ja numfashi. "Da... da ɗiyar Delu!"

"Wacce?" in ji jama'a.

"Jikar masu taru! Fara mai wushirya! Wadda ta yi na ɗaya a sakandare!"

"Sunanta!"

"'Yar ɗakin Dudu mai bakin tsiya!"

"Ni ba ruwana, Angona," na ƙwala daga saman katanga. "Faɗi suna!"

Dariya har da masu kwanciya a tabarma. Liman kansa na share hawaye ya ce, "Wakili, shaidu na jira." Gumi ya jiƙe masa riga. Ya cire hula, ya mayar. Ya dubi ƙofar zaure, ya daɗe yana duba. Daga nan ya sauke muryar kirari, ya yi magana a hankali, irin yadda yake yi a tsakar gida.

"Khaulat. Khaulat ɗiyar Wakili gurgu. Ɗiyata ce, ni na haife ta."

Na diro daga turmi na ruga ɗaki ina guɗa, ina cewa, "Ya faɗa! Wallahi ya faɗa!" Na tarar da ita ta yaye mayafi, ƙawaye na rawa kewaye da ita, ita kuwa tana dariya hawaye na wanke kwalliyar da aka yi mata tun asuba. Ta cafke hannuna gam.

"Inna Dudu, je ki ce masa lasifikar ba ta kawo ɗaki ba. Ki ce ban ji ba, ya sake faɗa."