Laftof Cikin Rumbun Shinkafa

Ina buɗe laftof ɗin Malam Garba, malamin lissafinmu a Argungu, sai ga ƙwarin shinkafa suna fitowa daga tsakanin maɓallai. Litinin za a koma makaranta, ni aka ɗora wa duba kwamfutocin malamai, ga shi duk darussansa suna cikin wannan laftof ɗin.

Na ce, "Malam, ina ta yi hutu?"

Ya ce, "Cikin rumbu na tusa ta, ƙarƙashin shinkafa. Ɗakina na yoyo da damanar ga, rumbu ko bai taɓa jiƙewa ba."

Ina kakkaɓe ta, shi kuwa yana tsaye a kaina yana salati.

Jama'a, in kunna ta haka nan, ko in jira ƙwarin su gama fita? Gabana sai faɗuwa yake.