Rawayar da Gwaggo Nana ta bari

Bana shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Gwaggo Nana, ƙanwar mahaifina, wadda ta riƙe ni tun ina 'yar shekara shida. Mutanen unguwarmu a Tambuwal sun fi tuna ta da iya fura da saurin faɗa. Ni kuwa da wani tsiro nake tuna ta.

'Yar Fakku ce, can ƙasar Kebbe. Da aka kawo ta gidan miji, cikin kayanta har da guntun saiwar rawaya naɗe a tsumma. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san rawaya. Idan aka ƙone daji da rani, ƙasa ta yi baƙi ƙirin, sai ka ga fure ruwan ɗorawa, faɗin tafin hannu, ya ɓullo daga cikin toka, ba ganye ba reshe. Mata kan haƙo saiwar su daka su sa a miya, Fulani su rina man shanu da ita. Babu mai shuka ta, tunda ga ta nan ko'ina. Gwaggo ta binne tata a bayan rumbu.

A wurinta na koyi kula da ita. Wata rana na ga ƙasar wurin ta tsage, tausayi ya kama ni, na juye mata ruwan wanke-wanke. Gwaggo ta fito da muciya a hannu.

"Ke ɗiyata, kashe ta za ki yi? Wagga ba ta son gata. Ƙishi shi ka sa ta hure."

Da damina takan kewaye ganyen da ƙaya saboda awaki. Idan an gama kaka ganye ya bushe, sai ta tara busasshiyar ciyawa a kai ta sa wuta, ta tsaya da ƙwaryar ruwa don kada rumbu ya kama. Ranar da fure ya fito ba ta faɗa da kowa. Takan jawo kujera ta zauna, ta yi ta ba ni labarin wuraren da suke zuwa itace da mahaifiyarta. Ko sau ɗaya ba ta taɓa haƙar saiwar don miya ba. In tana son garin, sai ta ba da sautu kasuwar Dogon Daji.

Bayan ta rasu aka raba gida. Babban ɗanta, Yaya Bello, ya aiko mini cewa ɗaki zai gina a bayan rumbu, in ina son rawayar in zo kafin jibi. Na je da fartanya na haƙa har gwiwar hannu. Saiwar ta karye mini, hannuna ya rine. Na kai abin da ya samu gidana na binne.

Shekara biyu tana ganye, ba ta fure. Na san dalili, amma gidan namu ƙarami ne, danga ta haɗa mu da maƙwabta, ina tsoron wuta. Har na fara cewa a raina na lalata abu ɗaya da ta bar mini. A shekara ta uku na cika bokiti biyu da ruwa, na yi bisimilla, na ƙyasta ashana. Ba a yi mako uku ba na fito shara da safe, na tarar da fure uku a kan toka. Nan na durƙusa na yi kukan da ya ƙi zuwa ranar jana'izarta.

Bara na je biki Fakku, na roƙi a kai ni dajin da take ba ni labari. Babu daji. Gonaki ne har iyakar gani, an bi su da maganin feshi tas. Na yi ta tunanin abin da Gwaggo za ta ce. Ba na jin za ta zagi manoma, ita ma 'yar manomi ce, ta san bakin da ake ciyarwa ya yi yawa. Amma na tabbata sai ta tsayar da mai gona ta tambaye shi ko barin taku biyu a gefen gona zai sa shi kwana da yunwa.

A can na haɗu da Inna Jumma, wata tsohuwar Bafullatana da suka yi ƙuruciya tare. Ta ce yanzu sai an yi tafiyar rabin yini kafin a ga rawaya. Da na gaya mata ina da ita a gida, sai ta kama haɓa.

"Tambuwal? Cikin gari? To lalle mun ga zamani."

Wata rana da ta shigo Tambuwal ta biyo ta gidana, ta roƙe ni iri. Na daɗe riƙe da wuƙa, don na san yanka na iya kashe uwar. Daga bisani na gutsura mata, ta ƙulle a bakin zane ta tafi.

Hoton Gwaggo ɗaya ne, ya dushe. Muryarta ma, in faɗi gaskiya, ta fara kuɓuce mini. Ɗakin da aka gina an ba baƙi haya, ba su san sunanta ba. Amma makon jiya wata mai tallar nono ta tsaya a ƙofata da saƙon Inna Jumma. Wai a gaya wa ɗiyar Nana abin ya kama, har mata biyu na rugarsu sun roƙi iri.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sa ta huta.