Tayar Da Na Zaɓa Wa Mahaifiyata

A lokacin ina sayar da tayoyin gwanjo a unguwar Mafoni, kuma ina ganin babu wanda ya kai ni sanin taya. Ilimina bai wuce in danna ta da babban yatsa, in duba zurfin zanenta, in goge ta da mai ta yi ƙyalli ba. Rubuce-rubucen da ke gefenta kuwa ban taɓa damuwa da su ba. Akwai wasu masu laushi da zane mai zurfi, a jikinsu da hoton dutse da wani abu kamar tauraro a ciki. Wata rana wani direba ya tambaye ni ma'anarsa, na ji kunyar in ce ban sani ba, sai na ce masa alamar lamba ɗaya ce. Na yi ta maimaita ƙaryar nan har ni ma na yarda da ita.

Da zafin bazara yayana zai kai Innarmu bikin suna a Damaturu, ya kawo min motarsa daga unguwar Dala. Na hana shi taɓa kowace taya, na shiga ciki na fito masa da masu tauraron, na sa mai faci ya cika su da iska tam. Har yayan nawa yana tsokanata wai yau rowata ta tafi hutu. Na ce ai Inna ce za ta hau.

Da azahar aka kira ni. Tayar gaba ta fashe bayan sun wuce Benishek, motar ta ƙwace ta faɗa rami. Yayana ya tsira da ƙujewa, Inna kuwa ƙugunta ya karye. Da na isa wurin, wani jami'in kiyaye haɗurra na tsugune yana jujjuya ragowar tayar. Ya nuna min lambobi huɗu a gefenta, ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Na lissafa, sai na ga tayar ta girmi 'yata da ke sakandare. Ya ɗora yatsa kan tauraron ya ce hoton ƙanƙara ne, tayar ƙasashen sanyi ce, ba a yi ta don kwaltarmu mai zafi ba. Ya kai ni ga motarsu ya nuna min a jikin tayarta harafin da ke faɗin juriyar zafi, ya ce A ta fi, sai B, sai C. A tawa babu harafin ma sam. Sai ya tambaya wane marar tsoron Allah ne ya sayar musu da ita. Yayana ya dube ni, ya ce a hanya ya saya. A take na fara tuno fuskokin mutanen da na sayar wa irinta.

Na koyi cewa faɗin ban sani ba ya fi sauƙi a kan abin da nake ɗauke da shi yau. Jama'a, kafin ku sayi taya ku duba shekararta, da harafin zafinta, da nauyin da aka rubuta za ta ɗauka. Kada ƙyalli ko bakin mai sayarwa ya ruɗe ku.

Har yau Inna da sanda take tafiya. Duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ce masa Allah ne ya taimaka autanta ya sa musu taya lamba ɗaya, da ba don haka ba da babu wanda zai fita da rai. Sannan ta sa min albarka, ni kuma in sunkuyar da kai in ce amin.