Bijimin Kawu a Shataletale

Har yau in zan shiga cikin gari daga Ƙofar Sauri, gara in bi lungu in sha ramuka da in bi ta wani shataletale. Matata ta ce rigimar tsufa ce. Ba tsufa ba ne, kunya ce, kuma ni na jawo wa kaina da bakina.

Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci aka ɗora ni sakataren wani kwamiti na ƙawata gari. Aikina in rubuta abin da manya suka faɗa, in gyara shi ya yi kama da magana ta hankali. Shugabanmu wani Alhaji ne mai yawan tafiye-tafiye, duk garin da ya je sai ya dawo da ciwon abin da ya gani. Ya ce ko'ina shataletalensu da abin kallo, mu namu sai ciyawa da awaki. Wani ya ce ai muna da hasumiyar Gobarau. Alhaji ya ce wannan ta kakanni ce, shi yana son abin da za a ce a zamaninsa aka yi. Aka kawo tulu, aka kawo allo, aka kawo takobi, duk ya ce wasu garuruwa sun riga mu. Daga ƙarshe aka tsaya a kan bijimi na siminti, wai don a girmama makiyaya.

Maginin da aka ba aikin mutumin kirki ne. Ya ce shi bai taɓa gina sa ba, sai an nuna masa na gaske ya auna. Ni kuma, uban 'yan iyawa, na yi caraf na ce ai kawuna na da wanda babu irinsa a ƙasar Katsina.

Kawu yayan mahaifiyata ne, Bafulatani da ya zauna a bayan ganuwa. Garkensa ya ƙare a kan idonsa: ciwo ya ci nasa, ɓarayi suka ci nasu, burtali ya koma filayen gidaje. Abin da ya rage masa farin bijimi ɗaya ne, mai ƙaho kamar an ɗaga hannu ana addu'a. Ƙarfin Kawu ya tafi, yanar ido ta fara rufe masa gani, 'ya'yansa na ta matsa masa ya rabu da dabbar. Mahauta sun yi zarya har sun gaji. Ya ce muddin yana numfashi wuƙa ba za ta hau wuyan wannan sa ba.

Magini ya yi makonni yana zuwa da igiyar awo, Kawu na tsaye a kansa yana yi masa gyara. Har wasu layuka uku na lalas da Kawu ya yi wa bijimin a kafaɗa da jan ƙarfe, wata shekara da ya yi ciwo, sai da ya sa aka fitar da su a siminti. Da aka gama ne ya yarda ya ba wani manomi bijimin don huɗa, bayan ya sa shi rantsuwa ba zai kai shi mahauta ba.

"Tunda zai tsaya tsakiyar birni," in ji Kawu, "in na yi marmari sai ka kai ni in gan shi, ɗan nan."

Aka kafa bijimi, aka lulluɓe shi da tamfol ana jiran ranar buɗewa. Sai ga wani Malami ɗan kwamitinmu ya dawo daga Umara, duk zaman da aka yi ba ya nan. Ya ɗaga tamfol, ya leƙa, ya yi salati.

"Wa ya ba ku wannan shawara? Siffar mai rai a bainar jama'a? Gobe ƙiyama a ce ku busa mashi rai, wa zai busa?"

Kowa ya dubi magini. Magini ya dubi Alhaji. Alhaji ya dube ni.

Ni dai ban ga laifin Malam ba, abin da ya karanta ya faɗa. Haushina mu ne: duk cikinmu babu wanda bai yi makarantar allo ba, amma babu wanda ya tuna sai da siminti ya bushe.

"Allah gafarta Malam, to mi za a yi?" in ji Alhaji, murya ta yi sanyi.

Malam ya ce in aka cire kai, siffa ta tashi daga siffa, ta zama kamar itace. Alhaji ya yi hamdala, aka yi kabbara. Ni na rubuta a takarda cewa kwamiti ya amince da ɗan gyara kaɗan. Kuma wallahi ni na riƙe wa magini tsani yana dukan wuya da guduma.

Ranar da aka yaye tamfol, kai, Katsinawa ba su da dama! Kafin la'asar masu acaɓa sun raɗa wa wurin shataletalen mahauta. Wani ɗan iska ya ajiye tsohuwar roba a ƙarƙashin wuyan, wai don tarar jini. Mata a Keke Napep suna leƙowa suna tambaya ko da sauran kayan ciki. Alhaji ya fusata, aka sake zama. Wannan karon aka sare ƙafafu da wutsiya, aka bi tozo aka daidaita shi, aka shafa fenti ruwan ɗorawa. Aka sanar cewa kabewa ce, don girmama manoma. Ni na rubuta wannan ma.

Kawu kuwa duk Juma'a sai ya tambaye ni. In ce manya ba su sa rana ba. In ce ana gyaran titi. Ƙarya dai fure take ba ta 'ya'ya. Wata Juma'a na fito daga masallaci na tarar da shi zaune a bayan babur ɗina, da malafarsa da sandarsa, ya sa sabuwar riga. Ban da yadda zan yi.

Da muka iso na rage gudu, na ce, "Kawu, an kai naka gyara. Wannan kabewa ce aka ajiye kafin a dawo da shi."

"Tsaya," ya ce.

Ya sauka, ya ratsa motoci ana yi masa oda, ya hau dakalin da rarrafe. Idonsa ba ya bambance mutum da turke, amma hannu bai manta ba. Ya bi gadon baya yana shafawa, ya gangara haƙarƙari, ya zo kafaɗa. Nan yatsunsa suka tsaya. Magini ya cire komai, amma bai goge layuka ukun nan ba. Na ji Kawu ya yi wata 'yar ƙara a maƙogwaro, irin wadda yake yi in zai kira shanu shan ruwa. Zuciyata ta karye, na so ƙasa ta tsage in shige.

Ya daɗe a tsaye, mutane sun fara taruwa. Sannan ya sauko a hankali, ya ƙi hannun da na miƙa masa.

"Kana wurin?" ya tambaye ni.

"Ina wurin, Kawu."

"Kun dai fuskantar da shi alƙibla?"

Ya gyara malafarsa, ya laluba ya hau babur.

"Na hana mahauta shi," ya ce, "ashe ɗan ƙanwata ne zai riƙe masu ƙafa. Mu tahi gida."