Baba Likita, Wanda Ya Riƙe Ɗaki Biyu

Kafin mai shara ta gama goge barandar asibitin unguwarmu, Baba Likita ya riga ya iso. Zai rataye jakarsa a ƙusar bayan ƙofa, ya wanke hannu, ya murza abin sauraron ƙirji a tafinsa har ya yi ɗumi, don kada sanyin ƙarfen ya firgita jariri. Sannan ya leƙo benci inda muke jere da goyo, ya ce, "To, wa ya hana uwarsa barci jiya? Shi zan fara gani."

Likitan iyali ne, irin wanda zai duba jika da safe, ya duba kakar da rana, kuma ya san rabin hawan jinin tsohuwar, ƙiriniyar yaron ce ta jawo shi. Ba a taɓa kiransa taro ya yi jawabi ba. Amma kowace uwa a unguwar nan ta san hanyar ɗakinsa ko da ido a rufe.

Tun shekara biyu da suka wuce ya kamata ya ajiye aiki. Gwiwa ta fara damunsa, Mama, matarsa, ta sa an gyara masa kujera a inuwar tsakar gida. Ana cikin haka sai ƙaramar likitar da ke ɗaki na biyu, wadda yake kira Auta, ta samu gurbin bincike a jami'a. Irin gurbin nan ne da ake ɗauke wa likita ganin marasa lafiya, a haɗa shi da malami mai duba aikinsa, ya koyi bincike da rubutu da koyarwa. Da wuya likitan unguwa ya samu irinsa, kuma ta nan ne ake shiga sahun malaman jami'a. Sai dai shugaban asibiti ya ce ba zai sake ta ba sai an samu mai riƙe ɗakinta, kuma babu wanda za a turo. Gurbin kuwa ba ya jira. In ba ta amsa ba, wani za a ba.

Sista, babbar nas ɗinmu, tana ɗakin ranar da Auta ta shiga wurinsa, ita ta ba mu labari.

"Baba, na haƙura. Sai wata shekarar."

"Wace shekarar? Da wannan 'wata shekarar' aka yi ta lallashina har furfura ta cinye min kai."

"To wa zai riƙe ɗakin?"

"Ɗakin gudu zai yi? Ga ni."

"Gwiwarka fa? Mama fa?"

"Gwiwa tawa ce. Mamanki kuwa ki bar ni da ita, ba yau na fara shan faɗa ba."

Ya kuwa sha shi. Mama ta zo da kanta da kular abinci, ta tsaya a gabanmu ta riƙe ƙugu. "Ku ne kuka riƙe min miji?" Wata daga ƙarshen benci ta ce, "Aro muka yi, Mama." Ta harare ta, ta ce, "To ku tabbata ya ci abincin nan, masu aro."

Tambayar da Auta ta tafi da ita ma daga bakinsa ta tsince ta. Duk uwar da ta ce ta ba yaro cokali ɗaya na magani, sai ya ce, "Wane cokalin?" Auta ta mai da wannan bincikenta. Ta roƙe mu kowacce ta zo da abin da take auna wa ɗanta magani. Ranar tebur ya cika: cokalin shayi, na cin abinci, murfin kwalba, wata baiwar Allah har da ƙaramin ludayi. Baba ya ɗaga shi sama ya ce, "'Yata, yaron nan magani yake sha ko wanka?" Muka yi ta dariya, amma jikin kowacce ya yi sanyi, don duk cikinsu da wuya ka samu biyu masu girma ɗaya. Yau a tagar magani ana haɗa mana da sirinji marar allura mai layin awo, a nuna mana inda za mu tsaya. Wadda ta taɓa riƙe yaro mai zazzaɓi tana tunanin ko ta zarce ko ta gaza, ita ta san darajar wannan.

Shekara ta biyu ta yi masa tsanani. Ya fara zuwa da sanda. Layi ya yi tsawo, wasunmu suka fara gunaguni. Labari ya kai wa Auta, ta zo da farar rigarta a hannu ta ce ta dawo ke nan. Baba ya tare ƙofar ɗakin da sandarsa.

"Kin gama?"

"Saura rubutu, Baba."

"To ki bar ni in sha wahalar nan a banza ke nan? Juya. In na sake ganinki a barandar nan, sai dai in ba ki da lafiya."

Tana share hawaye ta juya. Shi kuma ya ja ƙafa ya shiga ɗaki na biyu, ya ce a kira mai bi.

Ta gama. An buga aikinta a mujallar likitoci, jami'a ta ɗauke ta malama, kuma ta nemi a bar ta tana raba mako tsakanin aji da asibitinmu. Yanzu da ɗalibanta take zuwa, masu koyon aikin likitan iyali, ɗakunan nan biyu sun cika da fararen riguna. Makon jiya Baba ya sauke jakarsa daga ƙusa.

Kai ne, Baba, ka tsaya a bakin ƙofar da ba a buɗe maka ba, ka riƙe ta har wata ta wuce. Kai ne garkuwar 'ya'yanmu. Mun gode, mu da muka yi gunaguni da waɗanda suka yi shiru. Allah ya saka maka da alheri, ya sauƙaƙa maka gwiwar nan, ya ƙara wa Mama haƙuri da kai.

Shugabannin asibitoci, in ƙaramin likita ya samu irin wannan gurbi, ku sake shi. Manyan likitoci, ku riƙe masa ɗakin. Mu kuma iyaye mata mu jure wa layi, 'ya'yanmu ne za su ci amfanin.

Je ka huta, Baba. Ɗakin yana hannu.